Ranar da Shanu Suka Yi wa Chindo Mai Walda Shiru

A kasuwar Gidan Rumji, can layin da ke bayan 'yan hatsi, akwai wani abu da aka daɗe ana yi wanda baƙo ba ya gane kansa. Ana tsakiyar hayaniya sai mai injin niƙa ya kashe injinsa. Mai facin taya ya ajiye guduma. Masu tuyar ƙosai su rage murya, mai tallan goro ya haɗiye sauran kiransa. In baƙo ya waiga ya ce, "Lafiya?" sai wani ya ɗora yatsa a baki ya ce masa, "Yi kurum, Chindo za shi kunna wuta."

Chindo mai walda ne, waldarsa kuma ta iska ce, don a lokacin lantarki bai san hanyar layinsu ba. Iska biyu ke haɗuwa a bakin wutarsa. Ɗaya daga tukunyar ƙarfe take fitowa, wadda yake zuba wa karbir, wani dutse mai launin toka wanda in ruwa ya ɗiga masa sai ya yi ta tafasa yana fid da iska mai warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ɗayar kuwa cikin butali take, dogon tulun ƙarfe mai tsayin mutum, ita ke hura wutar har ta narkar da ƙarfe. Kowane mai walda yana da agogo a wuyan butalinsa, allura na nuna masa abin da ya buɗe da abin da ya rage. Na Chindo ya fashe tun shekarar da ya kafa rumfa, wajen saukewa daga kamyo, babbar motar kaya, bai kuma sake sa wani ba. Kunnensa ya mayar agogo. Tun bai kunna ba yakan kawo bakin wutar dab da kunnen dama, ya rufe ido, ya riƙa murɗa kile, makullin iskar, a hankali kamar mai cire wa jariri ƙaya. In iska ta yi yawa sai ya ji tana fito, asara ke nan. In ta yi kaɗan sai ta riƙa shessheƙa, a nan ne wuta kan koma cikin tiyo ta tashi da rumfa da mai rumfa. Tsakanin fiton da shessheƙar akwai wani siririn sauti, shi yake nema. In ya same shi sai ya ƙyasta ashana, ya ɗaga hannu, injin niƙa ya tashi, kasuwa ta ci gaba da ci.

Ba ɗan maƙera ba ne. Gidansu a Tibiri tsohon gidan manoma ne masu gona a bakin gulbi tun kaka da kakanni, kuma da sama ta ci gaba da halinta, da Chindo ya tsufa da hauya a kafaɗa. Farin saba'in da uku ne ya fid da shi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, rumbunan gida suka koma wurin kwanan kaji, samari suka watse neman abin kawowa. Shi Maradi ya faɗa yana dako, har wata rana aka ɗora masa butali ya kai garajin wani Bayarabe da kowa ke kira Baba. Da ya sauke kayan ya tsaya yana mayar da numfashi, sai ya karkata kai.

"Baba, tulun ga naka yana yoyo."

"Kai Bagobiri, yunwa ce ke maka kuka a kunne."

"Yunwa cikina take. Wannan a wuyanshi ne."

Baba ya shafa ruwan sabulu a wuyan butalin, kumfa ya taso. Ya dubi Chindo daga sama har ƙasa, da yake Gobirawa da Yarabawa abokan wasa ne, ya ce, "To bawana, tunda an hana ku hankali an ba ku kunne, zauna nan ka yi min amfani."

Ya zauna. Ya ci zagi, ya ci teba, ya ƙone yatsu, ya koyi sana'a. Da ya ga hannunsa ya faɗa sai ya nemi sallama, ya zo Gidan Rumji ya kafa tasa rumfar, ya auri Zinariya, 'yar unguwarsu ta Tibiri, mace mai maganar da ba ta da kwana. Karbir yana samu a Maradi. Butali kuwa sai ƙetaren iyaka. Wani direba, Ɗanbaba, shi ke ɗaukar wofin ya kai Katsina ya dawo da cikakke, ya sauke yana mita wai tulun Chindo ya fi buhun gishiri nauyi kuma ba ya da daɗin miya.

Haka ake har tamanin da huɗu, shekarar da abu biyu suka rufe tare, sama da iyaka. Ruwa ya yi saukar farko, aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake, ya sake ɗaukewa. Can kudu kuma aka sa wa hanya ƙarfe, Ɗanbaba ya ɗora kamyonsa bisa duwatsu ya koma zaman gindin itacen bedi. Butali ɗaya ya rage wa Chindo. Duk safiya yakan buɗe shi ƙiris, ya saurari ƙarfin hucinsa, ya rufe. Da farko hucin kamar na kububuwa, daga baya ya koma kamar na tsoho mai barci. Ya daina karɓar keke, ya daina gadon ƙarfe, ya daina ƙyaure. Garma kawai da ƙafar amalanke, su ma sai in ƙusa da waya sun gaza. Abin da ake ba shi na hatsi a kan wannan ɗan aikin, shi Zinariya ke sa wa a turmi. Haka suka ci damina marar ruwa, suka ci rani, har bazara ta kama, butalin na numfashin ƙarshe.

Ranar wata kasuwa da ba kowa cikinta sai masu sayar da fatun shanu, wani dogon mutum ya tsaya a bakin rumfar. Malfarsa ta yage, leɓunansa sun tsattsage, sanda na rataye a kafaɗa. Bai zauna ba.

"Salamu alaikum. Kai ne Kaɗo mai ɗinkin ƙarhe?"

"Ni ne, in dai ba bashi ka zo bi ba. Zamna, Bahillace, ka sha inuwa, ita kaɗai ta rage kyauta."

"Hamma sunana. Zama sai shanu sun sha."

Ya ba da labarinsa a tsaye, da Hausar da ke tuntuɓe amma ba ta faɗuwa. Daga arewa suka taso da garke, suna son su kai gulbi su wuce kudu. Abin da ya mutu a hanya ya mutu. Abin da ya rage yana wani ƙauye arewa da Cadakori, Kalgon Rabo, inda rijiyoyi duk sun ƙafe sai famfon hannu ɗaya da aka kafa bara waccan. Mutanen gari da makiyaya sun yi ta buga shi ba hutu, har wuyansa ya tsage, daidai inda hannun ke hawa. Wuyan dashe yake cikin siminti, ba ya ciruwa balle a kawo shi. 'Yan garin suna aika jakuna wata rijiya mai nisa, abin da ake kawowa bai isa bakin mutane ba. Shanu kuwa ba su da ƙafar da za su kai ko'ina.

"In ba su sha ba gobe, jibi angulu za ta sha su," in ji Hamma.

"Tsagar, tsawonta nawa?"

Hamma ya buɗe tafin hannu, ya auna daga babban yatsa zuwa ƙarami, ya ƙara kaɗan. Chindo ya dubi hannun, ya dubi butalin. Ya tashi ya murɗa kile ƙiris, ya kara kunne, ya rufe.

"Ko ta kai, ko ba ta kai ba. In ta kai, ba sauran ko na hura taba."

Zinariya ta zo kawo masa ɗan kunun rana, ta tarar da zancen a tsakiya. Ta ajiye ƙwaryar ta dubi baƙon, ta tura masa ita tukuna, sannan ta juya.

"Maigida, in iskar ga ta ƙare, mi za mu hura?"

"Murhu."

"Da mi a bisanshi?"

Chindo ya mayar da ido kan butalin. Ta tsaya tana kallon yadda Hamma ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu, ya kurɓa sau ɗaya, ya miƙo sauran don kunya. Can sai ta ce, "Sha duka, mu ba mu iya wannan ba nan." Ta shiga gida ta fito da tabarmar kaba. "In kun tahi, a lulluɓe tulun, kada rana ta dahe shi. Ni ban ce a je ba, ban kuma ce kada a je ba."

Washegari tun da sanyin safiya suka ɗora butali da tukunyar karbir a amalanken jaki, da salkar ruwa guda. Hanyar Cadakori da Chindo ya sani da gonaki hagu da dama, yanzu rairayi ce tsirara, an sassare rassan gawo an ba dabbobi, kututturan sun tsaya kamar masu roƙo. Nan gawar sa, can ta raƙumi. Da rana ta take, jakin ya durƙusa a cikin rairayi ya ƙi tashi. Suka yi duka, suka yi lallashi, daga ƙarshe Hamma ya ce, "Kaɗo, jaki ba ya jin Hausa, ba ya jin Hillanci. Ruwa yake ji." Suka kwance salka suka ba shi. Ya sha ya tashi, amma salkar ta koma kamar kunnen kare.

Tun kafin su hango Kalgon Rabo kukan shanu ya tarye su. Chindo ya sha jin kukan shanu, bai taɓa jin irin wannan ba. Ba daga maƙogwaro yake fitowa ba, daga ƙashi yake. Jajayen shanu masu dogon ƙaho, haƙarƙari a waje, sun kewaye famfon, makiyaya na tare su da sanduna. Mutanen gari, har da maigari, sun yi cirko-cirko da tuluna wofi. Chindo ya durƙusa ya duba tsagar, ya bi ta da farce, ya goge ta da kartar ƙarfe har ta yi haske. Sannan ya zuba karbir a tukunya, ya matse salka a cikin mazubin ruwanta. Abin da ya fito bai rufe gindin ba.

Ya miƙe ya ce wa maigari, "Ranka shi daɗe, ina biɗar ruwa. Kamar cikin ƙwarya."

Sai wata mata da goyo ta ce, "Sha za ka yi?"

"Dutsen ga za ni ba."

"Dutse! Ɗiya na kuka, a ba dutse ruwa? Wanga wane irin mutum anka kawo muna?"

"Baiwar Allah, in bai sha ba, ba shi ba da wuta."

Kowa ya kau da kai. Ba mugunta ba ce, kowa ya san abin da ke gindin randarsa da bakunan da ke jiransa. Sai ga wata tsohuwa ta keto mutane, siririya kamar karan dawa, kitsonta fari fat, da gora rataye a wuya. Hamma ya sunkuyar da kai ya ce wa Chindo a hankali, "Gogo Kadi ce, yayar babana. Shanun ga duka ita ta san uwayensu."

Ta cire gorar ta girgiza a kunnen Chindo. "Wannan ya isa, ɗana?"

"Gogo, naki ne na sha."

"Na tambaye ka ya isa, ban tambaye ka na wa ne ba."

Ta tuttule da hannunta har ɗigon ƙarshe. Mai goyon ta yi tsaki, ta juya ta tafi, aka ɗauka fushi ta yi. Jim kaɗan sai ga ta da moɗa rabi, ta zuba, ta ce, "In famhon nan bai tashi ba, kai za ni matsa in sha."

Karbir ya fara tafasa, warinsa ya tashi. Iskar bazara kuma tana ta kaɗawa, mai zafi kamar numfashin tanda, irin wadda ke kwashe wuta daga kan aiki ta sa a ƙone iska a banza. Chindo ya sa maza suka tsaya kafaɗa da kafaɗa ta gabas, suka ɗaga tabarmi da manyan riguna. Manomi kusa da makiyayi, waɗanda bara ma sun yi faɗa a kan ɓarnar gona, yau kowa na riƙe da bakin tabarmar wani.

Amma shanu sun ji ƙamshin ruwan da aka zuba. Kukan ya ninka, suka fara turowa, ƙaho na karo da ƙaho, makiyaya na ihu suna duka. Chindo ya kawo bakin wutar kunnensa, ya murɗa kile. Bai ji komai ba. Ya toshe kunnen hagu, ya sunkuya, ya sake. Ya san iska na fita, yana jin sanyinta a fatar kunne, amma ko fito take ko shessheƙa, bai sani ba. Kowane numfashi da ta yi a haka, guntun tsaga ne da ba zai rufu ba. Ya rufe kile da sauri.

"Mi ne ne?" in ji Hamma.

"Ba ni jin ta."

"To diba da ido mana."

"Ba a ganin ta, Hamma. Sai an yi kurum. In na kunna a makance, ko in zubar da ita, ko in ƙone mu duka."

Hamma ya dubi garken, ya yi wata dariya marar daɗi. "Kaɗo, a kasuwarku mutane ka ke sa su yi kurum. Waɗanga ƙishi ke magana a bakinsu."

Gogo Kadi na tsugune tana saurare. Ta tambayi Hamma da Fillanci, ya ba ta amsa. Ta miƙe, ta ce wa makiyayan kowa ya sauke sanda. Aka sauke. Sai ta shiga cikin garken ita kaɗai, ba sanda, ba igiya, ƙahoni na wucewa ta saman kanta.

Chindo ya ɗauka za su take ta. Ya buɗe baki zai yi magana, Hamma ya kama masa hannu.

Ba ihu ta yi ba. Wata ƙaramar murya ta fara fitarwa daga ƙirji, kamar mai rarrashin jariri da baki rufe, tana tafe tana taɓa wannan a goshi, wannan a doro. Tana kiran su ɗaya-ɗaya, da sunayensu da na uwayensu da na kakanninsu, wasu ma sun mutu tun farin farko. Ta isa wurin wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho, ta rungume wuyanta, ta sa baki a kunnenta ta daɗe. Saniyar ta yi wani dogon nishi, ta lanƙwashe ƙafafun gaba, ta kwanta. Ta kusa da ita ta bi. Sai abin ya yi ta tafiya kamar yadda iska ke kwantar da gero, daga tsakiya zuwa gefe, kuka na raguwa, ƙaho na sauka, har bijimin da ya fi kowa hauka ya tsaya yana huci, ya dubi tsohuwar, ya durƙusa.

Mutanen da ke riƙe da tabarmi ba wanda ya yi tari. Jaririn mai goyo ma ya kama nono ya yi shiru. Chindo, wanda kunne ne sana'arsa, bai taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Ga dabbobi da ƙishi ke kashewa, ga ƙamshin ruwa a hancinsu, sun kwanta don wata tsohuwa ta roƙe su. Ya ji yana so ya cire hula.

Ya yi bisimilla, ya ɗaga bakin wutar, ya murɗa kile. Ga ta nan. Fito. Ya rage. Shessheƙa. Ya ƙara kamar kaurin gashi. Siririn sautin ya fito sarai, a ƙarƙashinsa muryar Gogo Kadi na tafiya can cikin garke. Ya ƙyasta ashana.

Ya fara da ƙasan tsagar, inda nauyin hannu ke sauka, don in iska za ta yanke, ta yanke a inda ba a jin jiki. Ya gasa ƙarfen har ya yi ja kamar cikin kankana, ya tsoma sandar tagulla a farin garin da ke sa ta kama ƙarfe, ya kara. Tagulla ta narke ta bi tsagar kamar man shanu a tuwo mai zafi. Gumi na shiga masa ido bai share ba. Da ya kai rabi sai sautin ya canza, butali ya fara ja da baya. Bai ƙara buɗewa ba, don babu abin da za a buɗo. Sai ya rage ta karbir ta daidaita da ita. Wutar ta ƙanƙance. Ya matso da ita dab da ƙarfe, ya ci gaba. Ta sake ja, ya sake ragewa, yana bin ta da kunne mataki-mataki kamar mai raka marar lafiya, har tsakiyar harshen ya koma kamar ƙwayar gero, shuɗiya, tana kyarma. Da wannan ƙwayar ya ja tagulla har kusa da baki. Sai ta yi tus, ta koma ja mai hayaƙi. Ya rufe duka.

Saura kamar faɗin farce a sama bai rufu ba.

"Ta ƙare?" in ji Hamma da raɗa.

"Ta ƙare. Ku kawo rairayi mai zahi ku rufe wuyan. Kada wanda ya taɓa hannun."

"Ba a gama ba?"

"An gama. Amma irin ƙarhen ga in ya huce da sauri, tsagewa yake. Sai ya huce don kanshi."

Wannan jiran ya fi aikin wuya. Wani saurayi ya ce a ɗan gwada mana, Chindo ya zauna a kan simintin ya jingina bayansa da famfon, ya ce duk mai son hannun ya fara ɗaga shi. Can cikin garke muryar Gogo ta fara dushewa, don maƙogwaron da ya ba da ruwansa ba ya daɗewa. Da ta yanke, wata saniya ta ɗaga kai. Kafin ta yi kuka Hamma ya karɓa daga inda tsohuwar ta tsaya, matan makiyaya suka bi shi. Ba su kai ta iyawa ba, amma shanun suka yi musu kara.

Rana ta karkata. Chindo ya tone rairayin, ya taɓa da bayan hannu, ya taɓa da kunci. Ya tauna guntun roba ya cusa a ɗan abin da ya rage, ya daidaita hannun famfon, ya ɗaure kusoshi.

"Hamma, kama. A hankali, ba sussuka za ka yi ba."

Hannun ya sauka, ya hau. Wuyan ya riƙe. Ya sauka, ya hau. Ba komai sai ƙarar ƙarfe. Mai goyo ta fara gyara ɗaurin zane kamar mai shirin cika alkawari. Chindo ya kara kunne a jikin bututu, ya ɗaga yatsa.

"Yana tahowa."

"Ina?"

"Ƙasa. Ci gaba, kada ka tsaya."

Famfon ya yi tari, ya tofar da tsatsa, ya sake tari, sannan ya saki. Ruwa ya buga a kwamin siminti da ƙarar da duk wanda ke wurin ya ce bai taɓa mantawa ba. Wani ya yi kabbara, wata ta rangaɗa guɗa ta ƙare da kuka. Aka fara cika moɗa aka kai wa Gogo Kadi. Ta kurɓa, ta wanke baki, ta samu 'yar murya, ta koma bakin kwami tana kiran shanun kaɗan-kaɗan, masu rauni tukuna. Wadda aka kira ta tashi ta zo, wadda ba a kira ba ta jira. Bijimin nan mai hauka, da aka zo kansa, bai tashi ba. Ya mutu a durƙushe inda aka ce ya jira. Hamma ya tsaya a kansa ya daɗe, sannan ya koma ya karɓi hannun famfo.

Chindo ya sha, ya shayar da jakinsa, ya ɗora wofin butali a amalanke. Yana ɗaure igiya sai ga Gogo da Hamma, suna jan wata 'yar karsana ja, ƙafafu kamar tsinke, ruwa na ɗiga daga bakinta. Gogo ta kama hannunsa ta ɗora a goshin karsanar, ta yi magana da Fillanci.

"Ta ce an ɗaura maka," in ji Hamma. "Haɓɓanaye ke nan. Aro ne da muke yi wa junanmu, ka riƙe ta, abin da ta haifa naka. Ba mu taɓa ɗaura wa Kaɗo ba."

Chindo ya dubi karsanar, ya dubi rairayin da ya kewaye su har iyakar gani.

"Gogo, na gode, amma mi za ni ba ta? Gidana ko jakin ga tabarma yake ci. In na kai wa Zinariya wani baki, ni za ta yanka."

Tsohuwar ta yi dariya, muryar ba ta fita sai iska. Ta ce da Hausa, "Wa ya ce ka tahi da ita? Kai ka iya kiwo? Mu za mu kai ta kudu. In Allah ya sauko da ruwa, ka ji mu a ƙohwar rumharka."

"In kuma ba ta kai ba?"

"Yau dai ta sha," in ji Gogo Kadi, ta ja igiyar, ta mayar da ita cikin garke.